Wuta nawa take ci? Yadda na shiga binciken ƙirƙirarriyar basira daga Gombe

Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne a nan Gombe, kuma binciken da nake yi shi ne yadda ƙirƙirarriyar basira za ta yi aiki a kan na'ura ba tare da ta zuƙe wuta mai yawa ba. Ɗalibai da ƙannenmu sukan tambaye ni ta ina na bi na iso nan, kuma ko hanyar tana ɓullewa ga wanda ya taso a irin gidajenmu. Shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin yadda yake, da daɗinsa da wuyarsa.

A Jekadafari aka haife ni. Mahaifinmu yana sayar da hatsi a Tudun Hatsi, Allah ya yi masa rasuwa ina sakandare, riƙona ya koma hannun ƙaninsa, Baffa. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, amma sai da aka ɗauki 'yan shekaru kafin ta sauko hannun talaka. Da ta sauko, sai ga waya a aljihu, babu wutar cajinta a gida. Baffa ya buɗe rumfar caji: allon katako da aka jera wa soket, ƙaramin janareta a bayan rumfa, da littafin rubuta lambar kowace waya. Ni ke zama in an tashi daga makaranta.

A wannan rumfa na fara karatun da nake ci da shi har yau. Ribar rumfar gaba ɗaya tana tsakanin litar man da janareta ya sha da yawan wayoyin da suka cika, saboda haka Baffa, wanda bai taɓa shiga ajin boko ba, ba ya barin a jona komai a layin sai ya tambayi wutar da abin yake ci. Na kuma lura da masu zuwa. Makiyayi zai kawo Nokia 1100 ranar kasuwa, ba za ka sake ganinsa ba sai wata kasuwar, wayarsa tana nan da rai. Wani kuma ya sayi babbar waya mai kiɗa da hoto, kullum yana rumfa yana biya. Tun ban san sunan abin ba na gane cewa na'urar da ke cin wuta da yawa haraji ce a kan mai ƙaramin ƙarfi.

Na samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, na karanta injiniyan lantarki. Aikina na ƙarshe shi ne na'urar da ke daidaita cajin batir daga faifan sola. Wani malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, ya riƙa barina a ɗakin gwaji bayan an tashi, ya koya mini duba igiyar wuta a allon awo. Bayan hidimar ƙasa na samu aikin koyarwa, daga nan tallafin TETFund ya kai ni Maleshiya digiri na biyu.

Na isa can duniya tana cikin zumuɗin koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta aiki ta hanyar nuna mata misalai. A 2012 wasu masana uku a Jami'ar Toronto, Krizhevsky da Sutskever da Hinton, sun fito da wani samfuri, wato manhajar da aka horar da misalai, mai gane hoto, mai suna AlexNet, mai lambobi kusan miliyan 60 a cikinsa, ya kayar da duk abin da ake da shi a lokacin. Kowa ya koma can. Ni ma na so in bi sahu, amma malamar da ke duba aikina ta ga tarihina, ta miƙo mini wani jadawali da Mark Horowitz na Jami'ar Stanford ya gabatar a wani taron masana a 2014, ta ce in tafi da shi in yi tunani.

Wannan jadawali ne ya zaɓa mini aikin rayuwa, don haka bari in tsaya a kansa. Horowitz ya lissafa wutar da kowane ƙaramin aiki ke ci a cikin cip, wato ƙwayar lantarkin nan da masu gyaran waya ke kira aisi. Ma'aunin shi ne fikojul, kashi ɗaya cikin tiriliyan na jul. Haɗa lambobi biyu masu bit 8 (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1 da kwamfuta ke rubuta lamba da shi) yana cin fikojul 0.03. Ninka su yana cin 0.2. Ninka manyan lambobi masu ɗigo, na bit 32, yana cin 3.7. Amma ɗauko lamba ɗaya mai bit 32 daga babbar ma'adanar da ke wajen cip, wadda ake kira DRAM, yana cin 640. Ɗauko lambar kawai ya ninka yin lissafi da ita fiye da sau 170. Duk karatuna na baya ina ɗauka lissafi ne ke cinye wuta, ashe jigilar lambobi ce.

Da na zo hutu Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, wai me kake karantawa ne da ba ya ƙarewa?" Na ce, "Baffa, ka ɗauka mace ce ke girki, amma duk moɗar ruwan da za ta zuba a tukunya sai ta taka har rijiyar bayan gari ta ɗebo. Ba tuƙin tuwon ke kashe ta ba, zirga-zirgar ce." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To ai sai a ajiye mata randa kusa da murhu." Wallahi abin da manyan masana ke yi ke nan. A 2016 ƙungiyar Vivienne Sze da Joel Emer a MIT suka fitar da cip mai suna Eyeriss, wanda duk hikimarsa ita ce a ajiye lamba a ƙaramar ma'adana kusa da inda ake lissafi, a yi ta amfani da ita kafin a sake ta. Shi ma TPU na farko, cip ɗin koyon na'ura da Google ya fara amfani da shi a 2015, yana da ƙananan injinan ninkawa 65,536 a jere, lamba tana wucewa daga wannan zuwa wancan ba ta komawa ma'adana, kuma da lambobi masu bit 8 yake aiki.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta zama dole a zamaninmu. Tun 1965 Gordon Moore ya hango cewa yawan tiransista, ƙananan makunnan wuta da ake gina cip da su, zai riƙa ninkuwa a kai a kai, a 1974 kuma Robert Dennard na IBM ya nuna cewa in tiransista ta ƙanƙance, wutar da take ci ma tana raguwa daidai gwargwado. Shekara talatin ana cin wannan gajiya, kwamfuta tana ƙara sauri ba ta ƙara zafi. Wajen 2005 abin ya tsaya, saboda tiransistar ta yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta cikinta ko tana kashe. Tun daga lokacin, duk mai son ƙarin aiki daga wat ɗaya sai ya nemo shi da dabara, a tsarin cip ko a tsarin samfurin, ko ya ɗinka su biyun tare.

Digirina na uku a wata jami'a a Turai na yi shi, a kan wannan ɗinkin. Dabarun da muke aiki da su ba su da wuyar fahimta. Ɗaya ita ce rage faɗin lamba: samfurin da aka horar da lambobi masu bit 32 a matse shi ya koma bit 8, wani lokaci ma 4, a ga ko zai ci gaba da gane abin da yake ganewa. Wata kuma sassabe ce, a cire lambobin da ba sa tsinana komai. Song Han da abokan aikinsa sun haɗa irin waɗannan dabaru suka rage AlexNet daga megabait 240 zuwa 6.9 ba tare da ganewarsa ta ragu ba. Wuyar tana wurin awo. Mutane da yawa suna ƙirga yawan lissafin da samfuri ke yi, su ce tunda ya ragu to wuta ta ragu. Ba haka ba ne ko yaushe. Ƙungiyar Sze ta nuna a 2017 cewa SqueezeNet, wanda lambobinsa suka gaza na AlexNet sau 50, ya fi AlexNet ɗin cin wuta, saboda jigilar da yake yi ta fi yawa. Ni dai ban yarda da lambar da ba a auna a kan na'ura ba. Yawancin shekarun nan na yi su ne a gaban allon awo, na saka ƙaramin resista a layin wuta, ina kallon yadda wutar ke tashi da sauka yayin da samfuri ke aiki a kan allon FPGA, wato cip ɗin da ake iya sake tsara cikinsa don gwada zane, ina maimaitawa har sai lambar ta tsaya wuri ɗaya.

Ba zan ɓoye wuyar zaman can ba. Na bar iyalina a Gombe da jariri. Azumi ya riske ni a lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. A 2020 korona ta sa aka rufe ɗakunan gwaji, ga aikina ba ya yiwuwa sai da na'ura a hannu, sai na kwaso abin da aka yarda in ɗauka na mai da ɗakin kwanana wurin aiki. Takardata ta farko an dawo da ita, masu dubawa suka ce awon bai gamsar ba, na sake shi daga tushe. Wanda zai shiga wannan hanya ya san cewa akwai watannin da ba abin da zai nuna wa kowa, kuma a irin watannin nan addu'ar Inna da kiran matata ne suka riƙe ni.

Da na kammala, wani kamfani ya yi mini tayin aiki. Masu irin wannan ilimi ana nemansu, albashin kuma ba a haɗa shi da na malamin jami'a a gida. Abokaina da suka zauna ban ga laifinsu ba, da yawansu su ke riƙe da gidajensu a nan. Amma ni da kuɗin jama'a na fara fita, na sa hannu cewa zan dawo, kuma Inna ta tsufa. Bayan wannan akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. A can, rage cin wuta magana ce ta rage kuɗin kamfani da kare muhalli. A nan, ita ce ke raba na'urar da za ta yi aiki da wadda za ta zama kwalliya a kan tebur.

Dubi girman abin. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415 a 2024, kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen zai kai wajen 945 nan da 2030. Wannan na 2024 kaɗai ya ninka abin da layin wutar Najeriya ke bayarwa a shekara fiye da sau goma, ƙasar da mutum sama da miliyan 200 ke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. Na'urar H100 ta kamfanin Nvidia, wadda ake horar da manyan samfura da ita, guda ɗaya tana iya cin wat 700. Tashar wutar madatsar Dadin Kowa megawat 40 ce, ko an ba ta gaba ɗaya ba za ta riƙe irin waɗannan 60,000 ba, alhali a 2024 an tara 100,000 a cibiya ɗaya a Memphis ta Amurka. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da wat 20 take duk abin da take yi, tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ta. Duk wanda ya ce mana hanyar shiga wannan fage ita ce mu yi gasar tara manyan injina, bai duba lissafin ba. Ƙofar da ke buɗe gare mu tana ɗaya gefen, inda ake aiki da miliwat.

Abin da nake yi yanzu da ɗalibaina ke nan. Muna aiki da ƙananan ƙwaƙwalen lantarki irin ESP32, wadda ma'adanar aikinta kilobait 520 ce kacal, ko hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shiga ba. A cikinta muke cusa samfurin da ke sauraren girgizar injin ban-ruwa na manoman rani a yankin Dadin Kowa, ya gane in injin ya fara jan iska maimakon ruwa, ko in boris ya fara ci, tun kafin ya lalace a tsakiyar kakar shinkafa ko tumatir. Na'urar tana barci yawancin lokaci, ta farka ta saurara na ɗan lokaci, ta yanke hukunci da kanta, ta koma barci. Ba ta tura sautin zuwa intanet, domin tura bayani ta layin waya ya fi yin lissafin a wurin cin batir nesa ba kusa ba, kuma a fadama sabis ɗin ma ba kullum ba. Sai in ta ji matsala take tura wa manomi gajeren saƙo da Hausa.

A nan ne na ga abin da mu za mu iya faɗa wa duniya wanda ba kowa zai iya ba. Lambobin da kamfanoni ke rubutawa a takardar bayanin kayansu, na cip da na batir da na faifan sola, galibi a ma'aunin zafi 25 aka auna su. A Gombe, a Maris da Afrilu, zafi yana haura 40 a inuwa, cikin akwatin roba da ke tsakiyar rana kuwa ya wuce haka sosai. Yoyon wutar tiransista yana hauhawa da zafi, saboda haka na'urar da ke barci tana shan batir fiye da yadda takarda ta ce. Batirin mota irin mai ruwa, duk ƙarin zafi na digiri takwas zuwa goma yana raba rayuwarsa biyu. In hunturu ya shigo kuma ƙura ta kwanta a kan faifan sola, cajin ya ragu. Masani a ƙasar sanyi sai ya sayi tanda ta musamman kafin ya gwada wannan, kuma ba zai samu ƙurar ba. Mu a cikinsa muke kwana muke tashi. A Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, na'urorin da muka kafa a gona ba su tsaya ba, kuma bayanan da suka tara a kwanakin nan suna cikin mafi amfani da muke da su.

Kada wani ya ɗauka ina yabon rashi. Rashin wuta bala'i ne, yana cinye mini lokacin da takwarorina a waje ke yin bincike da shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani ƙaramin kaya da muke odarsa daga waje ya ninka, ga jiran isowarsa. Kuɗin rajistar taron masana ɗaya na iya cinye albashin wata da wata. An taɓa karɓar takardarmu a wani taro, ofishin jakadancin ƙasar ya hana ni biza, wani abokin aikina na can ne ya gabatar da ita. Ga ajin da ɗalibai suka cika maƙil, ga takardun jarrabawa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yadda ake auna malami da yawan takardun da ya wallafa, ba da nauyinsu ba, har wasu suka koma biyan mujallun da ke buga duk abin da aka tura musu in dai an biya. Na hana ɗalibaina wannan. Takarda ɗaya da wani a wata ƙasa zai iya maimaita awonta ya samu abin da muka samu ta fi mini goma na cika fom.

Akwai kuma tambayar da ke damuna game da fagen kansa. Tun 1865 William Stanley Jevons ya lura cewa da aka inganta injin tururi ya rage cin gawayi, sai amfani da gawayi ya ƙaru a Ingila, domin abin ya yi araha kowa ya shiga. Haka ake gani a ƙirƙirarriyar basira: kowane lissafi yana ƙara araha, jimillar wutar tana ƙara hawa. Aikinmu shi kaɗai ba zai rage wutar da duniya ke sha ba. Abin da na tabbata yana yi shi ne ya sauko da fasahar zuwa inda faifan sola ɗaya da batir ɗaya ne duk abin da ake da shi, asibitin ƙauye da gona da rugar makiyayi, kuma wannan ya ishe ni dalili.

Matasanmu da yawa sun shiga koyon na'ura, abin farin ciki ne. Taron Deep Learning Indaba da aka fara a Johannesburg a 2017, da ƙungiyoyi irin su Masakhane da Arewa Data Science Academy, sun buɗe wa yaranmu ido ƙwarai. Amma kusan kowa yana ɓangaren manhaja, masu taɓa ƙarfe da dalma kaɗan ne. Ga wanda ya karanta lantarki ko fiziks ko kwamfuta yake jin sha'awa, ya riƙe lissafinsa da kyau, musamman aljabarar jadawali, ya koyi harsunan kwamfuta C tare da Python, ya koyi Verilog da ake zana cip da shi, ya sayi ƙaramin allo da mita ya fara auna abu da hannunsa. A da, zana cip sai mai lasisin manhaja na dubban daloli. A 2020 Google da SkyWater suka saki bayanan ƙera cip na nanomita 130 kyauta, ga manhajoji irin su Yosys da OpenROAD, ga tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta na RISC-V da aka fara a Berkeley a 2010 wanda ba a biyan kowa kuɗin amfani da shi. Ba irin cip ɗin da TSMC ke ƙerawa a Taiwan don manyan wayoyi ba ne, tsohuwar fasaha ce, amma ta isa a koyi sana'ar tun daga zane har zuwa abin da za a riƙe a hannu, kuma shirin Tiny Tapeout yana haɗa ƙananan zane na mutane da yawa a cip ɗaya don kuɗin ya yi sauƙi.

Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya daga Kumo da ke digiri na biyu. Mahaifinta ya zo ofis da kansa ya ce, "Malam, ga amana nan, ni ban san abin da take yi ba amma na ga tana so." Ita ce yanzu ke zana ƙaramin injin ninka lambobi masu bit 4 da muke son turawa a ƙera, ta riga ta gwada shi a kan FPGA yana aiki. Muna haɗa kuɗin a tsakaninmu, wani tsohon abokin karatuna da ke waje ya ɗauki rabi. In Allah ya kai mu bazara mai zuwa kuma cip ɗin ya iso, za mu saka shi a akwati ɗaya da ESP32 a gonar da muke gwaji, mu auna su biyun a zafin Afrilu, mu wallafa lambobin duk yadda suka fito.